Yadda Ido Ke Raba Mana Sadaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke zaɓen wanda za mu taimaka da dukiyarmu, da kuma waɗanda muke wucewa ba tare da mun ma san mun wuce su ba. Shekaru da dama ke nan ni ke riƙe da littafin kuɗi na wata ƙaramar ƙungiyar taimakon marasa galihu a unguwarmu, kuma duk wanda ya riƙe irin wannan littafi yakan ga abin da mai bayarwa ba ya gani, domin a gabansa ake rubuta ranar da kuɗi suka shigo da abin da ya jawo shigowarsu.

Shekarar da ta gabace mu, wani matashi daga cikinmu ya ɗauki bidiyon wata yarinya da ke buƙatar tiyata, da amincewar iyayenta, ya sa a Facebook da WhatsApp. Kafin kwana uku kuɗin da asibiti ya nema sun cika har sun yi rara, sai da muka fito muka roƙi jama'a su dakata da turowa. An yi aikin, yarinyar ta samu lafiya, kuma har gobe ina yi wa duk wanda ya sa hannu addu'ar Allah Ya saka masa da alheri. To, a daidai wannan lokaci muna da wata gidauniyar a buɗe, wadda muke neman kuɗin mota da ita domin iyaye mata na ƙauyukan da ke kewaye da mu su riƙa kai 'ya'yansu masu tamowa cibiyar da ake duba su. Magani da abincin gina jiki kyauta ake ba su a can, kuɗin zuwa da dawowa ne kawai ke tsare uwa a gida har ciwon ɗanta ya yi nisa. Wata biyu muna shela bayan sallar Juma'a, amma abin da muka tara bai kai ushirin abin da aka tara wa yarinyar nan a kwana uku ba, alhali rarar da ta saura daga kuɗin tiyatar kaɗai ta isa ta kai yara masu yawa gaban likita. Mutanen da suka bayar a can su ne suka yi shiru a nan, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya, babu marowaci a cikinsu.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina kafin in gane cewa ba halin unguwarmu ba ne kaɗai. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bincike a kan abin da za a iya kira karkatar tunani, wato hanyoyin yanke da ƙwaƙwalwa ke bi domin ta yanke hukunci da sauri, waɗanda sau da yawa suna da amfani, amma kuma suna sa mutum ya yi kuskure iri ɗaya a kai a kai ba tare da ya ankara ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky ne suka shahara da wannan fage tun daga shekarun 1970, kuma aikin ne ya kai Kahneman ga samun lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2002. Daga baya wasu suka ɗauki wannan ilimi suka auna shi a kan kyauta da sadaka, suka samu abin da ya yi daidai da abin da ke rubuce a littafina.

A 2007 masu bincike uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai a jihar Pennsylvania. An ba kowane ɗalibi dala 5, sannan aka miƙa masa takardar neman taimako ga ƙungiyar Save the Children. Wasu an ba su takarda mai ɗauke da alƙaluman miliyoyin mutanen da yunwa ke addaba a Malawi da Zambiya da Angola da Habasha. Wasu kuma an ba su labarin yarinya guda 'yar shekara 7 daga ƙasar Mali, da sunanta da hotonta. Waɗanda suka karanta alƙaluma sun bayar da kimanin dala 1.14 kowannensu, waɗanda suka ga yarinyar kuwa sun bayar da dala 2.38, fiye da ninki biyu ke nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rukuni na uku, waɗanda aka haɗa musu hoton yarinyar da alƙaluman a takarda ɗaya: abin da suka bayar ya faɗo zuwa dala 1.43. Wato da aka gaya musu cewa akwai miliyoyi irinta, sai tausayin da suke yi wa ita kanta yarinyar ya ragu.

Akwai kuma wani tsohon gwaji na farkon shekarun 1990, inda aka tambayi rukunonin mutane daban-daban nawa za su iya biya domin a ceci tsuntsaye daga nutsewa a tafkunan dagwalon mai. An ce wa rukuni ɗaya tsuntsu 2,000 ne, ɗaya 20,000, ɗaya kuma 200,000, amsoshin kuwa suka fito dala 80 da 78 da 88. Mu Hausawa muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne idan hatsi ne a faifai. Idan aka zo kan yawan rayuka, zuciya ba ta san kima ba; hoton mutum guda take zanawa, ta ji zafinsa, ta bayar gwargwadon wannan zafi, ko da kuwa waɗanda ke bayansa dubu ɗari ne.

Malam Edita, ba sai mun je Amurka za mu ga illar wannan ba, domin a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan misalansa. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Jamhuriyar Nijar, farin ɗango kuma suka auka wa abin da ya saura a gonaki da makiyaya. Tun kafin shekarar ta ƙare hukumomin ƙasar suka yi gargaɗi suka nemi agaji. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, amma abin da ya shigo a makonnin da suka biyo baya kaɗan ne ƙwarai. Sai a watan Yuli, da gidan talabijin na BBC ya nuna wa duniya hotunan yaran da suka rame a cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi, sannan kuɗi suka fara kwarara. Jan Egeland, wanda shi ne babban jami'in ayyukan jinƙai na Majalisar a lokacin, ya fito fili ya koka cewa duniya ba ta farka ba sai da ta ga yara suna mutuwa a talabijin, kuma kuɗin ceto yaron da tamowa ta riga ta kama ya ninka na kare shi tun farko sau da yawa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Bayanin yana nan tun wata takwas kafin hoton, kuma babu abin da hoton ya ƙara a kan bayanin in ban da fuska. A tsakanin bayanin da hoton aka sayar da dabbobi a wulaƙance, aka cinye irin shuka, aka yi jana'izar yaran da ba a ɗauki hotonsu ba.

A nan ne nake ganin ku 'yan jarida kuna da kaso a cikin maganar, kuma ina faɗin haka cikin girmamawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Thomas Eisensee da David Strömberg, sun bi diddigin bala'o'i kusan 5,000 da suka auku tsakanin 1968 da 2002 domin su ga waɗanne ne gidajen talabijin na Amurka suka ba da labarinsu. Sun ƙiyasta cewa kafin yunwa ta samu irin damar shiga labarai da aman wutar dutse ke samu idan ya kashe mutum ɗaya, sai ta kashe mutum kusan 40,000. Abin da ya zo farat ɗaya da ƙara da ruwa da wuta shi ne labari, abin da ke cin mutane a hankali cikin ɗakunansu ba shi da ranar da za a ce yau ya faru. Mun ga yadda jama'a suka yi rawar gani da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024, da kuma ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025, kuma wannan abin a yaba ne matuƙa. Amma MSF ta ba da sanarwar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina sakamakon tamowa, ban kuma ga an yi musu irin waccan gidauniya ba. Haka zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta yana kashe mutum wajen 600,000 a duniya kowace shekara, kusan uku cikin goma a Najeriya, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mun saba da shi har mun daina ganinsa a matsayin musiba, alhali gidan sauro mai magani da ƙwayoyin rigakafin da ake raba wa yara wata-wata a lokacin damina suna daga cikin abubuwa mafi arha da ke tsare rai. Sai dai yaron da rigakafi ya tsare ba shi da labari, ba a san ma wane ne shi ba, don haka babu wanda zai ji daɗin cewa shi ya cece shi.

Wannan jin daɗin da mai bayarwa ke samu ba laifi ba ne, Allah ne Ya sa shi a zukata, amma yana da inda yake karkatar da mu. Shi ke sa a fi son haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a manna mata allo, a kan gyara tsofaffi uku da ke tsaye a gari ɗaya saboda lalacewar famfo. Shi ke sa a fi son gina aji a kan biyan malamin da zai koyar a cikinsa. Sau da yawa mutum yakan ce mana, “Ni dai kada a taɓa kuɗina wajen man mota ko alawus ɗin ma'aikata, hannun mabuƙaci nake so su shiga kai tsaye.” Na fahimci inda wannan magana ta samo asali, domin an sha cin amanar jama'a da sunan taimako, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma buhun abinci ba ya kai kansa ƙauye, kuma ƙungiyar da ba ta da mai rubuta lissafi ita ce ta fi sauƙin a yi mata sata. Ayar da ta lissafa waɗanda ake ba zakka a Suratut Tauba ta sa ma'aikatan da ke tattara ta a cikin rukunoni takwas ɗin nan. Tambayar da ta kamaci mai bayarwa ita ce me kuɗin suka haifar, yara nawa suka warke, rijiya nawa ke ba da ruwa bayan shekara biyu, kuma a nuna masa a rubuce.

Akwai wata karkatar da ta shafi yawan abin da muke bayarwa, ba zan tsawaita a kanta ba. Lambar da mutum ya fara ji ko ya saba da ita takan zame masa turke. Da yawanmu har yau naira hamsin ko ɗari muke miƙawa kamar yadda muke yi shekara goma da suka wuce, muna jin mun yi abin da muka saba, alhali tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawarsa ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Takardar kuɗin ita ce dai, amma abin da take saya a kasuwa ya zama ɗan mitsitsi. Wanda yake son sadakarsa ta tsaya inda take, da mudu ya kamata ya auna ta.

Ita kuwa maganar fifita na kusa, ba na cikin masu ganin aibunta, domin addini ya koyar da cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci, kuma naka sai naka. Abin lura dai shi ne, idan kowa ya tsaya a kan wanda ya sani, taimako zai riƙa taruwa a gidajen da suke da ɗa a birni, ko maƙwabci mai babbar waya da mabiya a intanet. Rugar da ba ta da kowa a Kano ko Abuja, da gwauruwar da kunya ta hana ta fitowa, da magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ɗauki bidiyon iyalinsa, babu hanyar da labarinsu zai bi ya iso gare mu. Alƙur'ani ya ambaci irin waɗannan a Suratul Baƙara, matalautan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nacin roƙon mutane. Hadisi ingantacce kuma ya bayyana cewa miskini na haƙiƙa ba shi ne mai yawo ana sallamarsa da loma ɗaya ko biyu ba, shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a gane shi ba balle a ba shi, kuma ba ya tashi ya roƙa. A fahimtata wannan gargaɗi ne kai tsaye a kan barin ido ya raba mana sadaka, kuma ya riga binciken masana da ƙarni goma sha huɗu.

Wani zai ce, to ai gwajin da ka kawo da kanka ya nuna cewa lissafi yana sanyaya tausayi, ashe ba ka jin tsoron kiran da kake yi ya rage bayarwar gaba ɗaya? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ita ta sa ba na cewa kowa ya danne zuciyarsa idan ya ga mai ciwo. Wanda ya ga bidiyon mara lafiya ya tabbatar da gaskiyarsa, ya bayar, Allah Ya karɓa. Abin da nake kira gare shi shi ne kada dukkan sadakarmu ta zama mai jiran hoto. Mu dubi yadda aka tsara zakka: an sa mata nisabi, an sa mata cikar shekara, an yanke ɗaya bisa arba'in a kuɗi da kayan ciniki, an kuma faɗi waɗanda za a ba. Ba a rataya ta a kan ko zuciyar mai dukiya ta motsa a ranar ko ba ta motsa ba. Irin wannan tsari nake so kowane magidanci da kowace ƙungiya, ta masallaci ko ta coci ko ta unguwa, su ara wa wani sashe na sadakarsu ta ganin dama. A zauna cikin natsuwa sau ɗaya a shekara, a yanke abin da za a riƙa fitarwa duk wata ko da kaɗan ne, a tambayi ma'aikatan lafiya da masu unguwanni da limamai da ungozomomi inda buƙata ta fi tsanani kuma kuɗi kaɗan za su fi yin aiki, sannan a ɗaure kai da wannan shawara tun kafin wani sabon labari ya zo ya ja hankali. Sauran kuma a bar wa zuciya ta yi yadda ta ga dama da shi.

Lokaci ma yana cikin abin da ya kamata a sa a wannan lissafi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a wajejen Fabrairu da Maris, sa'ad da rumbunan manoma ba su gama yin ƙasa ba, kuma a nan ne mafi yawan ciyarwarmu take taruwa saboda falalar watan, wadda babu mai musunta. Amma yunwa a ƙasarmu ta fi tsanani ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma a daidai lokacin ne sauro ke yawa, gadajen asibitocin yara su cika. A ƙungiyarmu mun fara ware wani kaso na abin da aka ba mu a azumi, da sanin waɗanda suka bayar, mu sayi gero da masara mu adana sai damina ta tsaya. Da farko wasu sun yi gunaguni domin suna son su ga an raba a gabansu, amma da muka riƙa karanta musu lissafin abin da aka raba da yawan gidajen da ya shiga, ba tare da ambaton sunan kowa ba, yawancinsu sun natsu. Ina roƙon malamanmu su riƙa taɓo wannan a wa'azinsu, su kuma fayyace wa jama'a abin da ya halatta a jinkirta da wanda bai halatta ba, domin wannan fagensu ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Ka riƙa tura wakilanka cibiyoyin kula da masu tamowa da ƙananan asibitocin karkara tun a watan Afrilu da Mayu, su kawo mana rahoton abin da ke tafe da abin da ake buƙata, tun kuɗi kaɗan suna iya tare shi. Sannan duk inda aka yi gidauniya bayan wata musiba, kamar Maiduguri da Mokwa, a koma bayan wata shida da bayan shekara a gaya mana nawa aka tara, ina suka shiga, su wa suka koma gidajensu, su wa kuma har yanzu suke zaune a inda ruwa ya bar su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Ma'ajin wata ƙungiyar taimakon marasa galihu,
Katsina.